Bindiga ɗaya tak don manyan namun daji: wacce zan saya, kuma wane harsashi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na yi shekaru ina harbin tsuntsaye da ƙananan dabbobi, yanzu kuma na samu lasisin farautar manyan namun daji. Ƙarfina bai wuce bindiga ɗaya ba, kuma ina son wadda za ta yi mini aiki tun daga kan mazo da gadu har zuwa gwanki, ta kuma raka ni duk ƙasar da na je farauta. Abokaina sun rikita ni: wannan ya ce .300 Magnum, wancan ya ce 6.5 Creedmoor, wani kuma ya ce in sayi .375 in huta. Wacce za ka ba ni shawara?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Bari in faɗa maka abin da zan saya da ni ne a matsayinka, sannan mu bi dalilai. Bindiga mai sakata, wato irin wadda kake ja da hannu ka fitar da kwanso ka ɗana wani bayan kowane harbi, mai cin harsashin .30-06 Springfield. Nauyinta haɗe da madubin saiti ya kusan kilo 4. Ka nemi harsashi iri ɗaya mai ƙwari, wanda ƙwayarsa ke da nauyin giren 180, wato giram 11.7, ka tsaya a kansa. Abu ɗaya ne kawai zai sa in canza wannan magana: idan da gaske ɓauna ko dorina ko giwa suna cikin lasisinka. In haka ne zancen ya koma kan .375, kuma zan zo gare ta.

Na ce "da gaske" domin a nan ne yawancin masu sayen bindigar farko suke tuntuɓe. Sai mutum ya sayi bindiga saboda dabbar da yake mafarkin harbi wata rana, alhali wadda zai riƙa haɗuwa da ita kowace shekara daban ce. Ka zauna ka lissafa: cikin harbi goma da za ka yi nan gaba, nawa ne za su kasance kan mazo, gadu, mariya, kanki, gwambaza da gwanki? In tara ne ko goma, to su ne ya kamata su zaɓa maka bindiga. Dukansu nauyinsu yana tsakanin kilo 40 zuwa kusan 300, jikinsu bai kai ƙirar na ɓauna ba, kuma a yawancin dazuka tsakanin mita 50 da 200 ake harbinsu. Ranar da Allah ya kai ka farautar ɓauna, kana iya hayar babbar bindiga a hannun mai jagorar farautar, haka mafarauta da yawa suke yi.

Abin da ke kayar da dabba shi ne rami mai faɗi da ya ratsa huhu biyu ko zuciya. Jini ya zuba a ciki, ƙwaƙwalwa ta rasa iska, dabbar ta yi gudun ƴan mitoci ta faɗi. Abubuwa uku ne ke samar da wannan rami: wurin da ƙwayar harsashin ta sauka, yadda aka ƙera ƙwayar, sannan girman kaliba, wato faɗin ƙwayar da girman harsashin. A haka suke jere wajen muhimmanci, kuma abokanka na ukun kaɗai suke gardama a kansa. Ni kuwa dalilin da ya sa na zaɓi .30-06 shi ne tana sauƙaƙa maka biyun farko.

Sunan kansa yana da ma'ana. Lambar .30 tana nufin faɗin ramin bututun, kashi 30 cikin 100 na inci, wato milimita 7.62. Lambar 06 kuma shekarar 1906 ce, lokacin da sojojin Amurka suka karɓe ta. Da ita suka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, sojojin da suka koma gida suka ci gaba da farauta da abin da hannunsu ya saba da shi, masana'antu suka bi su. Giren kuma ma'aunin nauyin ƙwaya ne, giren 180 ya yi daidai da giram 11.7. Ƙwaya mai wannan nauyi tana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa guda, da ƙarfin da ya kusan jul 3,900 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugu). Don ka san matsayin wannan lamba, dokar farauta ta Jamus ta ce duk dabba mai kofato da ta wuce ƙaramar barewar ƙasarsu, ba a harbinta sai da ƙwayar da faɗinta ya kai milimita 6.5 kuma ƙarfinta bai gaza jul 2,000 ba a nisan mita 100. Ita .30-06 da ƙwaya mai tsini tana ɗauke da fiye da jul 2,000 ɗin har a mita 300. In ka daidaita saitinka a mita 200, ƙwayar za ta bi ta sama da kamar santimita 5 a mita 100, ta sauka ƙasa da santimita 20 zuwa 25 a mita 300. Ma'ana, daga gabanka har kusan mita 230 ba ka buƙatar wani lissafi, ka ɗora saiti a inda kake so ka danna kunama.

Kuma tana da faɗin zaɓi. Ana yi mata ƙwaya mai giren 150 da 165 da 180 da 200 har 220, kuma murɗin tsagar da ke cikin bututunta, zagaye ɗaya a kowane inci 10, yana iya juya dukansu su tafi a miƙe. Ƙananan kaliba ba su da wannan gata. Ga kuma abin da ba a lura da shi sai an yi tafiya: duk ƙasar da ake sayar da harsashin farauta bisa doka, da wuya ka rasa .30-06 ko .308. Ka ce kana son bindigar da za ta raka ka ko'ina. Jakar harsashinka tana iya ɓata a filin jirgi, kuma bindigar da ba a samu abincinta ba sanda ce kawai.

Yanzu mu zo kan shuri, wanda a ganina ya fi komai yanke hukunci a wannan zance. Kowace bindiga tana harbi gaba tana shurin kafaɗa ta baya, kuma gwargwadon nauyin ƙwaya da gudunta da yawan albarushi, gwargwadon shurin. Nauyin bindigar ne ke rage shi. Jikin ɗan Adam yana da iyakar abin da zai sha ba tare da ya fara kare kansa ba, kuma a wurin yawancin mutane wannan iyaka tana daidai wajen .30-06 a bindiga mai kilo 4. Da an wuce nan sai zabura ta shigo: kafin harsashi ya tashi ido ya runtse, kafaɗa ta tura gaba, yatsa ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali. Mai yin haka bai san yana yi ba, domin ƙarar harbin tana rufe komai. Abin da zai gani kawai shi ne harsashinsa yana sauka ƙasa ko gefe, sai ya zargi madubi ko iska. A kan takarda wannan ɓata harsashi ne. A kan gwanki kuwa, taƙi ɗaya na kuskure shi ne bambancin huhu da tumbi, kuma dabbar da aka harba a tumbi tana iya kwana tana wahala kafin ta mutu a inda ba wanda zai gan ta.

Akwai gwajin da nake yi wa duk wanda ya ce mini shi shuri ba ya damunsa. In karɓi bindigar in juya baya, wani lokaci in sa harsashi na gaske, wani lokaci in sa na bogi marar albarushi, in miƙa masa. Ranar da ya danna kunama a kan na bogin, sai kowa ya ga bakin bindigar ya yi sujada. Na ga haka a hannun ƙarti majiya ƙarfi, domin abin bai shafi jarumta ba, jijiya ce ke aikinta. Ka sa wani ya yi maka wannan gwaji da .300 ɗin abokinka kafin ka fitar da kuɗinka.

Ba ina cewa .300 Winchester Magnum ba ta da kyau ba. Tun fitowarta a 1963 ta yi suna, kuma ta cancanta. Amma ka duba me take ba ka da me take karɓa. Ƙwayar iri ɗaya ce da ta .30-06, faɗi ɗaya, nauyi ɗaya. Ƙarin da take yi gudu ne na kusan mita 80 a daƙiƙa, wato kashi goma cikin ɗari, kuma don ta sami wannan sai ta ƙona albarushin da ya ɗara da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. A mita 300 bambancin saukarsu bai wuce faɗin yatsu uku ba. A madadin haka ka sha ƙarin shuri da ƙarin ƙara, bututun ya fi tsawo, bakin ɗakin harsashi ya fi saurin cinyewa, kuma atisaye ya zama abin da kake gudu. Amfaninta yana bayyana ne bayan mita 300 a fili fetal mai iska, a hannun wanda ya riga ya ƙware. Wasu kan ɗaura mata abin rage shuri a baki, yana kuwa ragewa, sai dai yana watsa ƙarar gefe ta yadda duk wanda ke tsaye kusa da kai kunnensa ne zai biya. Ƙarar bindigar farauta ko ba shi ta haura desibel 150 a ma'aunin ƙarar sauti, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa, don haka ka riƙa toshe kunne a wurin atisaye ko wace iri ka saya.

Ita kuma 6.5 Creedmoor, wadda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, don gasar harbin nesa aka fara yin ta. Shurinta kaɗan ne, daɗin harbi gare ta, kuma mutane suna saiti da ita da kyau, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Kakarta 6.5×55, da Suwidin da Nowe suka karɓa a 1894, ta daɗe tana kayar da mus a dazukan can, wata ƙatuwar dabba mai ƙaho da ta fi gwanki girma. Saboda haka ba zan ce ba za ta iya ba. Abin da zan ce shi ne ba ta yafe kuskure. In dabba ta tsaya maka a gicciye, lafiya lau. In ta ɗan karkata ta ba ka ƙashin kafaɗa, ko ana buƙatar ƙwayar ta keta jiki mai yawa kafin ta kai huhu, ƙwaya mai giren 140 ba ta da rarar da mai 180 take da ita, kuma ramin da take bari ƙarami ne, jinin da za ka bi a ƙasa kaɗan ne. Da a ce farautarka ta tsaya a mazo da mariya, da na ce bismilla. Amma ka ambaci gwanki.

Akwai maƙwabtan .30-06 da ba zan yi maka faɗa ba in ka ɗauki ɗaya a cikinsu. Ta farko .308 Winchester ta 1952: ƙwaya iri ɗaya, kwanso mai tsawon milimita 51 maimakon 63, gudu ya ragu da kamar mita 30 a daƙiƙa, shuri ya ɗan sauka, bindigar ta fi gajarta. Babu dabbar da za ta gane bambancin a ƙasa da mita 250. In ka sami bindigar da ta zauna maka a kafaɗa kuma .308 ce, ka ɗauka, kada ka waiwaya. Sai .270 Winchester ta 1925, mai miƙaƙƙen tafiya, gwanar fili da tsaunuka, sai dai ƙwayarta da aka saba samu takan tsaya a giren 150. Sai tsohuwa 7×57 Mauser ta 1892, wadda Turawan Ingila ke kira .275 Rigby. Ita ce za ka ji ana kafa hujja da ita cewa ƙaramar kaliba ta isa komai, saboda Walter Bell, da aka fi sani da Karamojo Bell, ya kashe giwaye sama da 1,000 a farkon ƙarni na 20, kusan 800 da ita. Gaskiya ne. Amma Bell ya riƙa tsaga ƙoƙon kan giwa yana nazarin inda ƙwaƙwalwa take daga kowace kusurwa, yana harbi daga kusa, da ƙwaya mai tauri marar buɗewa. Abin da labarinsa ke koyarwa shi ne sanin jikin dabba da iya saiti. Kuma wancan zamani na kisan giwa babu iyaka ya wuce, doka ta rufe shi.

In ka zaɓi kaliba, rabin aikin ka yi. Sauran yana ga ƙwaya, kuma a nan nake so ka fi kashe hankalinka. Ƙwayar farauta ta gargajiya dalma ce a cikin rigar tagulla, da tsininta a buɗe, don in ta shiga nama ta buɗe kai kamar laima ta faɗaɗa rami. Matsalarta ita ce in rigar siririya ce kuma ta haɗu da babban ƙashi da gudu mai yawa, sai dalmar ta rabu da rigar, komai ya tarwatse tun bai kai ciki ba. Wannan ne ya faru da John Nosler a 1946 a lardin British Columbia na Kanada, lokacin da ya harbi wani mus da laka ta bushe a kafaɗarsa da .300 H&H, ƙwayar ta ƙi shiga. Ya koma gida ya ƙera ƙwaya mai katanga a tsakiya: gaban ya buɗe, bayan ya tsaya a dunƙule ya ci gaba da hudawa. Ita ce Nosler Partition, da ya fara sayarwa a 1948, kuma har yau ana auna sauran da ita. Bayanta aka zo da waɗanda aka liƙe dalma da riga suka zama abu ɗaya, irin su Swift A-Frame, da kuma na tagulla zalla irin na Barnes, waɗanda kusan ba sa rasa komai na nauyinsu.

Ni kaina sai da na ga illar wannan da idona. Shekaru da yawa da suka wuce na harbi wani babban gwanki daga kamar mita 120, da ƙwaya mai giren 150 mai siririyar riga, irin wadda aka yi don ƙananan barewa. Saitin bai yi kuskure ba, a kafaɗa ta sauka. Ya durƙusa, ya miƙe, ya shige kurmi. Muka bi ɗigon jini har duhu ya hana mu, sai washegari da hantsi muka same shi kwance da ransa, yana numfashi da ƙyar, na ƙara masa. Da aka feɗe shi sai ga rami mai faɗin tafin hannu a kan allon kafaɗa, zurfinsa bai kai taƙi ba, huhu ɗaya ne kawai ɓarɓashi ya taɓa. Bindigar .30-06 ce, wannan dai da nake ba ka shawara a kai. Dare guda dabbar ta yi tana shan azaba saboda na ɗauki kwalin da bai dace ba, kuma har yau in na tuna ba na jin daɗi. Tun daga ranar ban sake ɗora wa babbar dabba ƙwaya marar ƙwari ba.

Don haka giren 180, mai katanga ko liƙaƙƙiya. In ta tagulla zalla ce ka sauko zuwa 165 ko 168, domin tagulla ba ta kai dalma nauyi ba, ƙwayar ta fi tsawo, kuma tana son gudu kafin ta buɗe. Ka san cewa wasu wurare sun hana dalma: jihar Kalifoniya ta haramta ta a kowace irin farauta tun Yulin 2019, kuma Turai ma ta kama wannan hanya. Kada ka ji tsoron cewa ƙwaya mai ƙwari za ta ɓata naman ƙaramar dabba. Akasin haka ne ma, takan ratsa mazo ta wuce da ɗan rami mai tsabta, mai laushi mai gudu ce ke dagargaza kafaɗa. Ƙwayar soja mai rufaffen kai kuwa ba ta farauta ba ce, hudawa take yi kamar allura ba ta buɗewa, kuma ƙasashe da yawa sun hana harbin dabba da ita. Haka ma wadda aka yi don gasar takarda. Kuma kada ka taɓa sa wa bindiga harsashin da ba shi ne aka buga sunansa a jikin bututun ba, ko da ya shiga. Harsashin .308 yana iya shiga bindigar .270, ƙwayarsa kuwa ta fi ramin faɗi, kuma hakan na iya fasa bindigar a fuskar mai harbi.

To, in ɓauna tana cikin lissafi fa? A nan abokinka na uku yana da gaskiya. Kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar da .375 H&H Magnum a 1912, kuma ita ce kaɗai zan kira bindiga ɗaya ta duniya duka. Tana jefa ƙwaya mai giren 300, wato giram 19.4, da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa, ƙarfinta ya haura jul 5,500. Da ƙwaya mai giren 270 tafiyarta a iska ta yi kusa da ta .30-06 mai 180, saboda haka tana harbin gwanki a mita 200 ba matsala. Ƙasashen farauta da dama a Afirka, Tanzaniya na ciki, sun sa .375 a matsayin mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a tunkari dabbobi masu hatsari da shi. Ɓauna namiji yakan haura kilo 600, haƙarƙarinsa masu faɗi ne sun kusan rufe juna, kuma in ya ji rauni yakan shiga duhuwa ya jira mai bin sawunsa. Ba a zuwa masa da "wataƙila". Amma shurin .375 ya kusan ninka na .30-06, bindigar ta fi nauyi, kuma ba na so ta zama bindigar da mutum zai koyi harbin manyan dabbobi da ita. Akwai 9.3×62 da Otto Bock ya ƙirƙira a Balin a 1905, mai giren 286, wadda ta fi ta sauƙi a kafaɗa kuma ta yi aiki sosai a Afirka, sai dai ba kowace ƙasa ce ta yarda da ita a kan ɓauna ba. Ka karanta dokar inda za ka tun kana gida.

Zancen bindigar kanta ya fi sauƙi. Na ce mai sakata saboda ƙarfinta da sauƙin gyaranta, ga saiti, ga shi kusan kowace ƙasa ta yarda da ita, saɓanin mai ɗana kanta da wurare da yawa suka taƙaita. Sakata iri biyu ce. Akwai ƙirar Mauser ta 1898 mai babban farce da ke cafke kwanso tun yana fitowa daga gidan harsashi har ya fitar da shi, irin ta Winchester Model 70 da Ruger M77 na yanzu. Akwai kuma mai turawa kawai, irin ta Remington 700 da Savage 110 da Tikka ta ƙasar Finlan. A kan dabba mai hatsari na fi son mai farce. A kan sauran kuwa duka biyun suna aiki, kada wannan gardama ta ɓata maka lokaci.

Abin da zai ci lokacinka shi ne dacewa da jiki. Ka rufe ido ka ɗaga bindigar zuwa kafaɗa kamar dabba ta fito, sannan ka buɗe. In idonka ya faɗa daidai tsakiyar madubi ba tare da ka miƙa wuya ko ka ɗaga kunci ba, taka ce. In sai ka yi lalube, ka ajiye ta komai kyanta. Bututu mai tsawon santimita 56 zuwa 60 ya isa. Kada ka ruɗu da marasa nauyi sosai, suna da daɗin ɗauka, amma shurinsu ya fi zafi kuma suna rawa a hannu in numfashinka ya hau. Kunama ta kasance mai yankewa tsaf a nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, ba mai jan ƙafa ba. Ƙotar katako ta fi kyan gani, amma tana shan danshi ta kumbura ta taɓa bututu ta canza saiti. Wanda zai yi yawo daga damina zuwa rani, daga wannan ƙasa zuwa waccan, ƙotar roba mai ƙarfi ta fi masa kwanciyar hankali. Makullin kariya kuma ya kasance inda babban yatsanka zai same shi ba tare da ka duba ba.

Madubi mai ƙara girma daga 3 zuwa 9, ko daga 2 zuwa 10, ya wadatar. Ka nemi mai haske da asuba da magariba, lokacin da dabbobi suka fi motsi, mai barin tazarar kusan santimita 9 tsakaninsa da ido don kada ya fasa maka gira. Ka sa masa zobba masu ƙarfi, domin yawancin saitin da ke gocewa daga sukurorin da suka kwance ne. In kana tafe a daji ka bar shi a mafi ƙanƙantar lamba. Dabbar da ke nesa za ta ba ka lokacin ƙarawa, wadda ta tashi a gabanka ba za ta ba ka lokacin ragewa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan ka daidaita saiti a kan tebur, ka bar teburin, domin babu shi a daji. Ka yanki takarda mai faɗin santimita 20, kwatankwacin huhun mazo, ka harbe ta a zaune, a durƙushe, da kuma a tsaye da sandunan ɗora bindiga. Nisan da kake sa biyar cikin biyar a cikin takardar, shi ne iyakarka a kan dabba mai rai, ko da bindigar tana iya ninka shi. In mita 150 ne, ka karɓa, sauran ka cika da sanɗa. A gida kana iya danna kunama da harsashin bogi kullum, bayan ka tabbatar sau biyu babu na gaske a ciki, ka kuma riƙa jan sakata da ƙarfi ba tare da ka sauke bindigar daga kafaɗa ba. Ka koyi jikin dabbar da za ka harba. Su gwanki da kanki zuciyarsu da huhunsu sun fi matsowa gaba, tsakanin kafaɗu, fiye da yadda mutane suke zato. Ka bi layin ƙafar gaba ka hau kashi ɗaya cikin uku na faɗin jiki daga ƙasa, nan ne wurin. In ciyawa ta rufe shi, ko dabbar ta ba ka baya, ko ba ka ga abin da ke bayanta ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kowace bindiga tana da harsashin da ta fi so. Ka gwada iri biyu ko uku daga cikin masu ƙwarin da na ambata, uku-uku a mita 100, kana barin bututun ya huce. Wanda ya tara ramukansa cikin santimita 4 ko ƙasa da haka ya ishe ka. Ka sayi kwalaye da yawa nasa masu lambar zubi ɗaya, gwargwadon abin da lasisinka ya yarda, don kada saitinka ya canza a tsakiyar shekara. Kuma duk inda ka sauka bayan doguwar tafiya, mota ce ko jirgi, kafin ka shiga daji ka kafa takarda ka harba uku ka ga inda suka sauka.